Dam Ma Gidan Ƙasa Ne, Yana Son Yaɓe

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin da ake yi idan bazara ta tsaya, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Maigida zai kafa tsani ya hau kan soro, ya bi rufin taku-taku yana duba inda ya tsage. A cire ciyawar da ta tsiro bara, a cike ramin ɓera, a kwaɓa ƙasa a liƙe, mai hali kuma ya kira magini a shafa makuba. Abin da ba a taɓa mantawa da shi shi ne indararo. Za a zura sanda a fitar da sheƙar tsuntsu da busasshen ganye, domin kowa ya san idan indararo ya toshe, ruwa zai kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasa, ya sauka kan azara, wata rana cikin dare rufi ya rufta wa masu barci. Ba a jiran sai an ga ɗiga kafin a yi wannan aiki, kuma ba wanda ke gayyato maroƙa don zai share indararonsa.

Na kawo wannan ne saboda mafi yawan madatsun ruwan da ke Arewa gidajen ƙasa ne. Idan an ce dam, mutane da yawa katangar siminti da ƙarfe suke hangowa, irin wadda ake gani a hoton Kainji. Amma Tiga da Bagauda da Challawa da Watari da Tomas da Alau, duk jinga ce ta ƙasa. An tara ƙasar an daddaɓe ta da injin, galibi da laka mai danƙo a tsakiya don ta hana ruwa ratsawa, an jera duwatsu a fuskar da ke kallon ruwa, an bar ciyawa ta riƙe bayanta. A gefe guda kuma akwai wata mafita mai faɗi da rarar ruwa ke bi idan tafkin ya batse. Indararon dam ke nan. Duk abin da ke cin soro yana cin dam, daga gara da ɓera zuwa saiwar bishiya da ruwan da ya rasa hanya, sai kuma babba a cikinsu, wato maigidan da ya daina hawa tsani.

Waɗannan madatsu kuwa sun manyanta. Da yawa daga cikinsu an gina su ne a zamanin Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, sai kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙara wa gwamnatoci ƙaimi. An kammala Tiga a 1974. A 1976 aka faɗaɗa hukumomin raya kogunan ƙasa, aka ci gaba da datse gulabe a Sakkwato da Borno da Bauchi. Ba ƙaramin alheri aka samu ba. An samu noman rani a Kadawa da Kura, ruwan famfo a birane, kifi a kasuwa, kuma ƙauyukan da gulbi ke shara kowace damina suka samu sauƙi, saboda dam kan riƙe ruwan marka ya sake shi sannu a hankali. Sai dai mutumin da aka haifa shekarar da aka kammala Tiga yanzu ya yi furfura, yana aurar da 'ya'ya. Injiniyoyin da suka zana ayyukan, wasu sun rasu, wasu sun yi ritaya, ƙasar da suka tara kuwa tana nan tana shan rana da ruwa shekara hamsin.

A daminar bara na je wani ƙauye da ke gindin wani ƙaramin dam na wancan zamani. Ba zan kama suna ba, don abin da na gani ba na wuri ɗaya ba ne. Wanda ya zagaya da ni wani dattijo ne da ya yi gadin wurin har ya yi ritaya, ba a kawo wani a madadinsa ba, shi kuma ƙafarsa ta saba, kullum da safe sai ya taka kan jingar. Muka bi ta kai. Darbejiya ta girma a jikin jingar har yara na hutawa a inuwarta. Ga suri ya kai ƙirjina. Inda shanu ke gangarawa shan ruwa ya zama ɗan kwazazzabo, kowane ruwan sama yana ƙara masa zurfi. Sitiyarin da ake murzawa a buɗe ƙofar ruwa ya yi tsatsa, ya ce rabon da ya ga girisi tun yana cikin aiki. Allon awon ruwa lambobinsa sun goge. Murafen ƙarfen da ke kan bututun da injiniyoyi ke zura ma'auni don sanin yadda ruwa ya ratsa cikin jingar, 'yan gwangwan sun kwashe. Mafitar rarar ruwa kuwa, wani ya shuka masara a cikinta, ta yi kyau abinta.

Daga nan ya gangara da ni bayan jingar, wani wuri da ciyawa ta fi ko'ina kore, ƙasa na lotsawa idan an taka. Ya tsuguna ya ɗebi ruwan da ke tsattsafowa a wata tsohuwar kwalba, ya ɗaga ta sama yana kallo ta hasken rana.

"Ɗana, ka ga wannan? Muddin garau yake fitowa, ina iya barci. Ran da ya fito ja, to dam ɗin ne da kansa ke fita ta nan, kaɗan-kaɗan."

Na ce, "Baba, in ka ga haka, wa za ka faɗa wa?"

Ya yi murmushi. "Da can akwai littafi. Kullum in rubuta, ƙarshen wata injiniya ya zo ya duba ya sa hannu. Yanzu sai dai in faɗa wa mai unguwa, shi ma ya ce Allah ya kyauta."

Dattijon nan bai yi boko mai nisa ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da ake koya wa injiniyoyin dam. Kowace jingar ƙasa tana ɗan yoyo, wannan ba laifi ba ne, shi ya sa ake yi mata magudana a gindi. Haɗarin shi ne ruwan ya fara fita da ƙasa. Daga nan zai riƙa cin hanyarsa ta ciki, daga baya zuwa gaba, rami kamar na gafiya yana faɗi a ɓoye, kan jingar kuwa lafiya lau, har a wuce da amalanke. Ran da ramin ya isa tafkin, cikin sa'o'i kaɗan an gama. Ramin gara da ruɓaɓɓiyar saiwar bishiya su ne ke share wa wannan ruwa hanya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren ruwa ne, kuma ba ya gajiya.

Hanya ta biyu da dam ke mutuwa ita ce ruwa ya haure kansa. Katangar siminti kan jure wannan, jingar ƙasa ba ta jurewa. Da zarar ruwa ya fara zuba ta bayanta, sai ya zaizaye ta kamar yadda yake yi wa kunyar gona. Abin da ke kawo haka sananne ne. Ko mafita ta toshe, ko ƙofofi su ƙi buɗuwa ranar da ake buƙatarsu, ko kuma tafkin ya cika da yashi da laka. Wannan na ƙarshe ba a ganinsa da ido. Kowace damina gulbi na kwaso ƙasar gonakin da aka sare itatuwansu yana jibgewa a ƙasan tafki. Randar da rabinta laka ce, guga kaɗan za a zuba ta batse. Dam ɗin da aka gina don ya kare mutane daga ambaliya, idan ya kai wannan hali, ya fi rashinsa haɗari, domin mutane sun amince da shi sun gina gidaje a inda kakanninsu ba su yarda su kwana ba.

Ba hasashe nake yi ba, mun sha gani. A watan Agustan 1988, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, dam ɗin Bagauda ya ɓalle, lokacin bai ma cika shekara ashirin ba; aka rasa rayuka da gidaje da gonaki. A ƙarshen Satumban 2006 na Gusau ya ɓalle, mutum kusan 40 suka rasu, gidaje kusan 500 suka tafi, kuma bayanin da aka bayar a lokacin shi ne ƙofofin sakin ruwa sun ƙi aiki. A Satumban 2010 ruwan Goronyo ya malale ƙauyukan bakin gulbin Rima, har gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke. Kowane karo an yi jaje, an raba shinkafa da tabarmi da bargo, an kafa kwamiti. Da rani ya shigo, zance ya bi iska.

Sai Alau. An gina shi tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda, a yankin Konduga, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, don ruwan sha da noman rani da kuma rage ƙarfin kogin. A 1994 ya taɓa nuna hali, ruwa ya shiga birni. Bayan shekara 30, a daren 9 ga Satumban 2024 wayewar 10 ga wata, mutanen Gwange da Fori da sauran unguwanni suka farka ruwa na shigo musu ɗaki. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga babbar kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka fice. Ruwa ya kwashe dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, aka riƙa gargaɗin jama'a game da kada da macizai. Waɗanda suka rasa matsuguni sun haura 400,000. Sansanin Bakassi, wanda aka rufe bayan shekarun gudun hijira, sai da aka sake buɗe shi. Mutanen da suka tsere wa bindiga suka fara tada komaɗa, ruwa ya mayar da su layin karɓar abinci.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwanaki kaɗan kafin wannan dare, jama'a sun riga sun tsorata, jami'ai sun je sun duba, suka dawo suka ce a kwantar da hankali. Bayan abin ya faru kuma aka shiga jayayya, dam ne ya karye ko jingar gefensa ce ta gaza? Matar da ta kwana a kan rufin kwano da goyo a baya, wannan bambanci bai dame ta ba. 'Yan jarida suka tono cewa an sha saka kuɗin gyaran dam ɗin a kasafin shekarun baya. A Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina shi. Ba na ƙyashin ko sisi a ciki, Maiduguri ta cancanci fiye da haka. Ina dai tambaya, girisi na nawa, albashin maigadi na shekara nawa, yashewa sau nawa za a yi da kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗi?

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. Shekara guda cif kafin Alau, a Satumban 2023, madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 a saman birnin Derna na Libiya suka ɓalle cikin dare, dubban mutane suka mutu, wasu ruwa ya kai su teku. Wani malamin jami'a ɗan ƙasar ya riga ya rubuta gargaɗi a 2022 cewa in ba a gyara su ba za a ga masifa. An ga gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, ba mu shafa wa namu ruwa ba.

Me ya sa kullum sai ihu bayan hari? A ganina amsar ba ta da nisa. Sabon dam yana da ranar buɗewa, a yanka ƙyalle, a kafa allo da sunan mai girma, makaɗa su yi wasa. Gyara ba shi da rana. Ba gwamnan da za a yi wa waƙa don ya cire suri daga jikin jinga, ba ɗan kwangilar da zai yi arziki da gwangwanin girisi. Idan kulawa ta yi nasara, sakamakonta shi ne babu abin da ya faru, kuma ba a cin zaɓe da abin da bai faru ba. Ga kuma rikicin mai shi. Wannan dam na hukumar kogi ta tarayya ne, wancan na ma'aikatar ruwa ta jiha, wani an miƙa shi lokacin da aka raba jiha, takardunsa suka ɓace a hanya. Ƙananan na ƙauye sun zama kamar rijiyar bakin hanya, kowa na sha, ba mai yashewa.

Mu ma talakawa da hannunmu a ciki. Wanda ya shuka masara a mafitar ruwa ɗan gari ne. Mai tifar da ke ɗibar yashi a gindin jinga, da wanda ya kwashe duwatsun fuskarta ya yi harsashin gida, da yaron da ya sayar da murfin ƙarfe, duk a ƙarƙashin dam ɗin suke kwana. Manoman rani kuma su kan matsa wa ma'aikata kada a saki ruwa ko tafkin ya kusa baki, don tsoron kada ya gaza su a watan Maris. Buƙatarsu gaskiya ce, amma dam ɗin da aka cika maƙil tun tsakiyar Agusta ba shi da wurin ajiye ruwan Satumba.

Za a ce ai ruwan yanzu ya fi na da, yanayi ya sauya. Haka ne, kuma wannan hujja ce a kanmu, domin mafitar da aka auna da ruwan shekarun fari dole a sake auna ta da ruwan yau. Za a ce rashin tsaro ya hana zuwa wasu wuraren. A wasu wuraren gaskiya ne, amma ɗan bindiga bai hana a goge tsatsa a dam ɗin da ke bakin titi ba. Za a kuma ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Sai dai a unguwarmu, in soron mutum ya rufta aka tarar indararonsa cike da shara, za a yi masa jaje da rana, da dare kuma dattawa su kira shi gefe.

An ma taɓa yin abin da ya dace a ƙasar nan. A 1992 an rage tsayin mafitar ruwan Tiga da mita 3.5 saboda tsaron jingar. Ma'anarsa an haƙura da ruwa mai yawan gaske da za a iya tarawa kowace shekara, don kada a wayi gari da abin da ya fi haka muni. Wannan shawara ce ta masu hankali, kuma irinta ake buƙata a kan kowane tsohon dam, a duba shi da gaske, wanda zai gyaru a gyara, wanda ya raunana a rage masa kaya, wanda ya gama amfani a fasa shi da gangan cikin rani kafin ya fasa kansa cikin marka.

Sauran abubuwan ba masu tsada ba ne. Kowane dam, komai ƙanƙantarsa, a mayar masa da maigadi mai albashi da littafi da waya, da lambar injiniyan da zai ɗauka ko da tsakar dare ne. Kowace bazara, kafin ruwan shuka, a gwada buɗe kowace ƙofa a rufe, a share mafita, a bi jingar da ƙafa. Abin da aka gani kuma kada ya tsaya a durowar ofis, a karanta shi a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci, a liƙa a ƙofar fadar hakimi, don wanda ke kwana a gindin dam yana da haƙƙin sanin lafiyar abin da ke bisa kansa. Kuɗin kulawa a ware shi daban, kada a jira sai an ba da kwangila. Share ciyawa da ƙananan itatuwa da cike hanyar shanu, aikin gayya na yini ɗaya zai gama su. Manyan bishiyoyi kam a bar wa masana, domin wanda ya sare darbejiya ya bar kututturen ya ruɓe a ciki, ya gina wa ruwa bututu da hannunsa. Sai an tono saiwar an mayar da ƙasa an daddaɓe. Sannan kowane gari da ke ƙasa da dam ya san abu uku tun kafin ranar, wa zai yi shela, da me za a yi ta, wane tudu za a nufa. Lasifikar masallaci tana nan, mai unguwa da dagaci suna nan, masu kwale-kwale an san su. Abin da ya rage a zauna sau ɗaya a shekara a tsara.

Da zan bar ƙauyen nan, dattijon ya rako ni har bakin hanya, kwalbarsa a aljihun 'yar-shara. Ƙasa da mu ina hango rufin gidaje, da makarantar firamare, da hayaƙin girkin yamma, duk a kwarin da ruwan zai bi. Mutanen nan na barci ne bisa amanar tsoho ɗaya da ba a biyansa, wanda gwiwarsa ta fara ciwo. Na tambaye shi ko yana koya wa wani, ya ce jikansa kan bi shi wani lokaci, amma yaron Kano yake so ya tafi. Hadari na haɗuwa a gabas lokacin da muka yi sallama, ya juya ya koma wajen jingar don ya sake duba ruwan kafin magariba.